Cinikin biri a sama: yadda kayan ɗakin autarmu suka iso bayan biki da sati biyar

Ranar wata Juma'a, 26 ga watan azumin 2024, wajen ƙarfe huɗu na yamma, a daidaita sahu biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu, kowanne an lafta masa kwalaye har kan kujerar direba. Ina kicin ina feraye dankali yaro ya shigo ya ce, "Wai ana sallama da matar gidan, an kawo kaya daga sito." Ko hannu ban wanke ba na zari mayafi. Kwali tara ne, kowanne an naɗe shi da koren buhu, an yi masa ɗamara da salatif mai ruwan ɗorawa, an rubuta lambata a gefe da baƙin alli mai mai. Kayan kicin ɗin autarmu ne na jere. Ita kuwa autar, ran nan kwananta talatin da huɗu a ɗakin mijinta.

Har yau in aka taru a gidan Umma aka rasa abin dariya, labarin nan ake ɗaukowa. Ni ma yanzu da ni ake dariyar. A lokacin kuwa sai da na rame.

Koyarwa nake yi a firamare, sai 'yar sana'ar da nake taɓawa a gida: kayan kicin, 'yan kunne, jakunkuna, ina ɗora hotonsu a WhatsApp 'yan uwa da maƙwabta suna saye. Da can Sabon Gari da Ƙofar Wambai nake zuwa in saro, in ɗora ɗari biyar ko dubu a kai. A 2021 na fara gwada sayayya ta waya daga ƙasar waje, a AliExpress. 'Yan kunne ne guda shida da abin kama gashi, duka dala 6. Wurin rubuta adireshi na fi daɗewa, don gidanmu ba shi da lamba, kuma layinmu ba shi da suna in ba "layin mai markaɗe" ba. Na rubuta sunan unguwa da masallacin da ke kusa da mu, na nemo lambar gidan waya ta Kano, 700001, na sa. Na biya da katin banki, na manta. Bayan sati bakwai aka kira ni daga gidan waya aka ce in zo da katin shaida. Wata 'yar jaka aka miƙo min mai ruwan toka, ba ta fi tafin hannu ba. A hanyar dawowa sai juya ta nake yi ina mamaki: mutumin da ban taɓa gani ba, bai san ni ba, ba ma jin yaren juna, na tura masa kuɗi, kuma ya cika alkawari. Daga ran nan abin ya shiga raina.

Bai daɗe ba hanyar ta toshe. A 2022 bankuna suka rage abin da mutum zai kashe a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma da yawansu suka rufe gaba ɗaya. A nan ne wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda ta riga ni shiga harkar, ta ce min, "Ke har yanzu a shagon 'yan ɗai-ɗai kike saye? Zo in nuna miki inda su ma suke sarowa." Ta buɗe min 1688.

Ga wadda ba ta sani ba, 1688 kasuwar sari ce ta cikin gidan Caina, mallakar Alibaba, kamfanin da Jack Ma ya kafa a 1999. In aka furta lambobin nan huɗu da yarensu sukan yi kama da sunan Alibaba, shi ya sa aka zaɓe su. Ba don mu aka yi kasuwar ba. Rubutunta duk da Sinanci ne, kuɗinta yuwan ne, kuma galibin masu kayan iyakarsu su aika cikin ƙasarsu. Saboda haka sai kin nemi hannu uku kafin kaya su zo miki: wanda za ki ba naira ya biya yuwan a madadinki ta Alipay, manhajar biyan kuɗi ta can, wanda yake da sito a can da za a tara miki kayan, da wanda zai yi dako ya fito da su daga hannun kwastan. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke haɗa ukun, shi muke kira ejan. Nawa ɗan arewa ne, ya shekara da shekaru a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu ke ce wa Gwanzu. Ban taɓa ganinsa ba. Muryarsa kawai na sani, da hoton da ya sa a WhatsApp, wanda ma ba fuskarsa ba ce, hoton kwantena ne. Shi ya ba ni adireshin sitonsa da wata lamba tawa ta kaina, wadda duk mai kayan da na saya a wurinsa zai rubuta a jikin kwali.

Neman kaya a ciki ba wuya. Hoton abu za ki ɗauka da waya, manhajar ta zubo miki masu sayar da irinsa ɗari. Wuyar ita ce zance da mai kaya. Caina ta riga mu da awa bakwai, don haka in na idar da sallar asuba su sun ci abincin rana, in na tashi daga makaranta su sun rufe shago. Cinikina duk tsakanin asuba ne da ƙarfe bakwai, ina haɗa wa yara abin kari da hannu ɗaya, ɗayan yana kan manhajar fassara. Suna da wata kalma da suke kiran duk mai saye da ita, fassarar kuma sai ta mayar da ita kalmar soyayya. Wata safiya maigidan ya leƙo wayata ya ga an rubuto, "Masoyiya, kayanki sun tashi." Ya dube ni, na dube shi. Sai da na buɗe masa hirar masu kaya goma, ya ga kowa haka yake ce min, har da mai sayar da tsintsiyar roba, sannan ya ce, "To Allah ya kyauta."

Karatun farko da na biya kuɗinsa da tsada kwandunan roba ne na zuba wanki. Na gansu da arha, na sayi dozin biyu, na ce a sako su a jirgin sama don in samu da wuri. A lokacin ejan ɗina dala 9 yake karɓa a kan kilo. Na ƙiyasta a raina roba ce, ba za ta wuce kilo bakwai ba, kuma da aka ɗora a sikeli kilo bakwai ɗin ne. Amma takardar kuɗi ta zo da kilo 20. Na kira shi raina a ɓace. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Hajiya, jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri." Ashe tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa ake aunawa da santimita, a ninka su, a raba da 6,000. Abin da ya fita a gwada shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ki biya. Kwalina 60 ne da 50 da 40, ya ba da 120,000, a raba da 6,000 ya zama 20. Wato na biya kuɗin iska kilo 13 daga Caina har Kano. Manyan kamfanonin kai saƙo ma da 5,000 suke rabawa, nasu ya fi zafi. Kwandunan nan sai da na yi wata huɗu ina rabon su a kan uwar kuɗi, biyun ƙarshe na ba Umma kyauta.

Da aka sa ranar auren autarmu Asabar 2 ga Maris 2024, don a yi a gama kafin azumi, sai yayyenmu maza suka haɗa kuɗin kayan kicin suka ce a ba ni tunda ni ce 'yar kasuwar gidan. Naira dubu 600 ne. Na zauna na yi lissafi a bayan littafin shirya darasi. A Disambar 2023 yuwan ɗaya wajen naira 170 ejan ke sayar min. Saitin kuloli masu uku da na gani a kan yuwan 85 bai kai dubu 15 ba, alhali a kasuwa an ce min dubu arba'in da wani abu. Haka tangaran, haka fulas ɗin shayi, haka injin markaɗe. Na ga da kuɗin nan zan yi wa yarinyar nan jeren da sai an yi wata ana zancensa a dangin miji. Na ƙara da kuɗin adashina na sayi ƙarin kuloli saiti goma na sayarwa. Tunda kuma kwanduna sun koya min hankali, na ce wannan karon ta ruwa za su zo.

Umma ba ta so ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba a cinikin biri a sama. Kayan aure guda ki ce suna cikin waya?" Na ce, "Umma, ai na saba." Ta ce, "To."  Duk wanda ya san Umma ya san wannan "to" ɗin.

Na tambayi ejan kwana nawa ruwa ke ɗauka. Ya ce, "Kwana arba'in da biyar zuwa sittin, Hajiya, in Allah ya yarda." Na biya ranar 20 ga Disamba, na ƙirga sittin a kalanda, ya faɗa 18 ga Fabrairu. Saura kwana goma sha uku biki, har da rara. Abin da ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba don a wurinsa kowa ya sani, shi ne daga yaushe ake fara ƙirgen. Ni daga ranar da kuɗi ya bar hannuna na fara. Shi kuwa daga ranar da jirgi ya bar gaɓa.

Tsakanin ranakun nan biyu akwai tafiya mai nisa. Masu kaya takwas na saya a wurinsu, kuma ba a ɗaure kaya sai na kowa ya iso sito. Bakwai suka aiko cikin sati guda. Na takwas, mai tangaran, sai ya ce launin da na zaɓa ya ƙare, sai an sake gasawa. Da na sani da na ce ya ba ni fari kawai. Na nace sai mai bakin zinare, don shi amarya ta nuna da yatsa. Bai iso sito ba sai 12 ga Janairu, kuma kwantenar da ya kamata in shiga ta riga ta tashi.

A ruwa ba kilo ake sayarwa ba, wuri ne zalla. Ma'auninsa sibiyem, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Babbar kwantena mai ƙafa 40 tana cin sama da sibiyem 60. Kwalayena tara duka sibiyem ɗaya ne da 'yan kai. Ni ke nan fasinja ɗaya ce a cikin mota, kuma kowa ya san motar tasha ba ta tashi sai ta cika. Aka jira wasu suka kawo nasu, mai takalma, mai kayan gini, mai kujerun roba, aka yi lodi a ƙarshen Janairu. Sai kuma ga sabuwar shekararsu ta taho, wadda a 2024 ta faɗo 10 ga Fabrairu. Wannan ita ce babbar sallarsu. Ma'aikata suna barin birane su koma garuruwansu, masana'antu su rufe, masu kai saƙo su ajiye aiki, kuma tun kafin ranar da sati biyu abubuwa ke fara lafawa. Kowane ɗan kasuwa a duniya so yake kayansa su fita kafin a rufe, don haka wuri a jirgi sai an yi rububi. Tamu kwantenar ta samu shiga jirgin da ya tashi kwana huɗu kafin hutun. Ejan ya turo min lambarta yana murna, ya ce mun yi sa'a. Na ɗauki kalanda na ƙirga arba'in da biyar daga ranar. Ya faɗa cikin azumi.

Kwana uku na yi ban gaya wa kowa ba. Akwai shafin da ake sa sunan jirgi a ga inda yake a teku, wani ɗan ɗigo a kan shuɗi. Na mayar da shi kamar wuridi. Na ga ya wuce Singafo, ya shiga tekun Indiya, kwana da kwanaki ba tudu kusa da shi. Ban taɓa sanin sai jirgi ya zagayo ta ƙarƙashin Afirka ta Kudu sannan ya hauro Legas ba sai a lokacin, ni da nake koya wa yara taswira. Ranar da 'yan uwa suka zo gidan Umma ganin kayan jere, jirgina bai ma kai Madagaska ba.

A ɗakinta na sami Umma bayan isha'i. Na durƙusa na ce, "Umma, kayan nan fa ba za su iso ba." Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Yayyenki sun sani?" Na ce a'a. Ta ce, "To kar su ji a bakina. Ki san yadda za ki yi, ranar jere ina son in ga kicin ɗin yarinyar nan a cike." Ko kalma ɗaya ba ta ambaci biri ba, kuma wannan ya fi min ciwo a kan ta yi faɗa.

Maigidan ne ya rufa min asiri, ya ranta min abin da ya tara na gyaran rufi, na sayar da zobena biyu na cika. Muka shiga Sabon Gari ni da amarya a satin ƙarshe na Fabrairu, kuma duk wanda ya yi ciniki a ƙasar nan a watan ya san abin da nake nufi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 take gangarowa, amma a Fabrairun 2024 ta zube warwas. Dalar da ake saya wajen 1,200 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, lokacin da na yi oda, ta haura 1,800. A watan kaɗai an sauya farashin canjin da kwastan ke lissafin kuɗin fito da shi sau da dama. Wani mai shago ya ce min, "Hajiya, in za ki ɗauka ki ɗauka, farashin safe daban na yamma daban. Ni ma in na sayar ban san ko zan iya mayar da irinsa ba." A kan kantarsa na hango kulata. Ita ce sak, har ɗan zanen ganyen da ke kan murfi. Na ɗaga na juya gindinta, ga rubutun Sinanci. Na saye ta ninki huɗu na abin da na biya a waya, 'yar uwarta kuma tana can tsakiyar teku da lambata a jiki. Autar ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki bar tangaran ɗin, na roba ma ya isa." Na ce mata ta yi min shiru kafin in yi kuka a gaban mutane.

Aka yi biki lafiya, jere ya yi kyau daidai gwargwado, babu wanda ya gane sai da ita autar da bakinta ta tona bayan wata biyu.

Jirgi ya iso Legas wajen 22 ga Maris. Fito ya ci kwana goma, tirela ta ɗauki kwana uku a hanyar Kano. A nan kuma wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Kuɗin dako da dala ake yanka shi, amma da naira ake biya, a kan canjin ranar da kaya suka sauka. Zuwa farkon Afrilu naira ta farfaɗo, dala ta dawo wajen 1,250. Da kayan sun zo a ranar da na ɗibar musu, da a kan canji mafi muni zan biya. Jinkirin da ya kunyata ni shi ya rage min kusan kashi ɗaya cikin uku na dako. Ban ce wannan dabarata ba ce. Na dai karɓa na gode wa Allah.

Bayan an sha ruwa muka baje kwalayen a tsakar gida, yara suna riƙe da fitilar waya. Kwali na farko kuloli ne, lafiya lau, kowacce a cikin ledarta da farin soso. Na biyu ma haka. Na uku da na ɗaga sai na ji ƙara kamar an girgiza gwangwanin tsakuwa. Tangaran mai bakin zinaren nan da ya jawo min komai, faranti 24, guda tara ne suka tsira. Ejan ya tambaye ni tun a can ko a buga wa kwalin katako, na ji zai ƙara sibiyem da kuɗin kafinta, na ce a bar shi. Wa zan kama? A cikin kwantena ba a san kayan amarya ba, mai yiwuwa kwalin tayil aka ɗora masa.

Fulas ɗin shayi kuwa kallon kitse na yi wa rogo. A hoto ya tsaya ƙato a kan tebur kusa da kofuna. Da na zaro shi bai fi gorar ruwan 'yan makaranta ba. Na koma shafin a fusace, na fassara rubutun da kyau, sai na ga ba a yi min ƙarya ba. Girma huɗu ne a jere, farashin da ke fitowa a gaba na ƙaramin ne, mai rabin lita, ni kuma shi na danna. Injin markaɗe ya zo da fulogi mai siraran ƙafa biyu wanda ba ya shiga soket ɗinmu mai ƙafa uku. Wannan mai sauƙi ne, ɗari biyar aka canza kan. Wutar Caina 220 ce, kusan ɗaya da tamu. Na Amurka ne abin tsoro, tasu 120 ce. Ƙanin maigidan ya taɓa yin odar injin aski daga can, ya jona, ko kai ɗaya bai gama ba ya yi hayaƙi.

Saura kwana huɗu salla, kowace mace tana neman abin zuba abincin kai wa surukai. Na ɗora hoton kulolin da daddare, kafin azahar ta washegari saiti goma sun ƙare, har ana yi min magiya. Da su na biya maigidan rabin bashinsa. Zoben dai ba su dawo ba.

Na taɓa kai maganar gaban malamarmu ta islamiyya, don zancen Umma na biri ya tsaya min a rai: shin ma ya halatta mutum ya biya kuɗin abin da bai gani ba? Ta ce akwai babinsa a fiƙihu, cinikin salam, inda ake ba da kuɗi yanzu kaya su zo daga baya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a kan dabino, bai hana ba, sai ya ce a yi shi da ma'auni sananne, da nauyi sananne, zuwa lokaci sananne. Ta ci gaba da bayani, ni kuwa hankalina ya tsaya a kan ukun nan. Ma'auni: fulas. Nauyi: kwanduna. Lokaci: kayan auta. Kowanne sai da ya kama ni ɗaya bayan ɗaya.

Ban daina oda ba, kuma ban canza ejan ba. Wasu sun ce in bar shi, amma ni ban ga inda ya ci amanata ba, kuma a harkar nan wanda ya taɓa riƙe miki dubu ɗari shida bai gudu ba ba a sakinsa da wasa. Labarin waɗanda suka tura kuɗi ga mai lambar waya da hoton sito, washegari lambar ta daina shiga, ba ɗaya ba ne ba biyu ba a cikin ƙungiyoyinmu na mata. Abin da ya canza shi ne yawan tambayata. Yanzu duk kayan da suka isa sito sai an buɗe an ɗauko min hoto da tef ɗin awo a jikinsu, ko da za a caje ni. Sabon abu guda biyu nake fara sakowa ta sama in riƙe a hannuna kafin in sari kwali. Abin fashewa katako, ba musu. Mai batir a ciki, irin fitilar caji da ƙaramar fanka, layinsa daban kuɗinsa daban, don ba kowane jirgin sama ke ɗauka ba, kuma tun kafin in biya nake faɗa. A jikin kalandar kicin ɗina kuma, kusa da ranakun azumi da salla, na zagaye hutun Caina da jan biro: satin farko na Oktoba, da sabuwar shekararsu da ke yawo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Kayan azumi tun kafin Rajab nake son in ji suna kan ruwa.

Kasuwar ma ta sauya a hannunmu. Tun da Temu, wata manhajar sayayya daga Caina, ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, masu sayen kayana suka zama 'yan oda su ma. Mace za ta zo gidana, ta ɗaga jaka, ta zaro waya ta nuna min irinta ta ce, "Anti, ga shi nan fa dubu shida." A 2025 wasu bankuna sun sake buɗe katin naira don sayayyar waje, kwastan kuma suka yafe kuɗin fito a kan ƙananan saƙonnin da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara. Don haka 'yan kunne da jakar hannu na kusa sallama su, wanda zai iya jiran sati biyu ba ya bukatata. Abin da ya rage min shi ne manyan kaya masu cin wuri, waɗanda ba sa biyan kuɗin jirgin sama, da kuma matar da bikinta jibi ne, wadda take son ta ɗaga murfi ta ƙwanƙwasa ta ji ƙarar ƙarfen kafin ta zaro kuɗi. Ita kam na fi kowa fahimtarta.

Kayan autar na kai mata su ran salla da yamma, kuloli da injin markaɗe da faranti tara da ɗan fulas ɗin nan, ta rasa inda za ta sa su ta tura ƙarƙashin gado. Ba a fito da su ba sai ranar sunan ɗanta na fari. A cikin babbar kular aka zubo waina aka kawo ɗakin da Umma take zaune da ƙawayenta. Ta ɗaga murfin, ta juya shi, ta duba zanen ganyen.

"Wannan ita ce ta Cainar?"

"Ita ce, Umma."

Ta mayar da murfin ta rufe, ta jawo kwanon miya gabanta.

"Ai na ga irinta a Sabon Gari."